AWA BIYAR ZUWA JIDDA, KWANA NAWA ZUWA DAMARI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa ɗan Adam tudu da ruwa da sararin samaniya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa muna so mu yi wani ɗan lissafi tare da ku, lissafin da ko yaron firamare zai iya yi, amma manyanmu sun kasa yinsa, ko kuma sun yi sun kau da kai. Lissafin nisa ne da lokaci: nisan da ke tsakanin Kano da Jidda da awoyin da jirgin sama ke ci kafin ya haɗa su, sannan nisan da ke tsakanin Damari, a Ƙaramar Hukumar Sabuwa, da birnin Katsina, da abin da talaka ke ci kafin ya haɗa su. Duk wanda ya jera waɗannan tafiye-tafiye biyu ya dube su da idon basira, zai ga ciwon da ke cin al'ummarmu ba tare da wani ya yi masa dogon wa'azi ba.

LISSAFIN FARKO: KANO ZUWA JIDDA

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka miƙe ba kwana, kimanin kilomita 3,400 ne. Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kuwa, abin ya ɗan ɗara haka, ya doshi kilomita 3,500. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan sun daidaita a sama. In ka raba nisan da gudun, ka ƙara lokacin tashi da na sauka, za ka tarar tafiyar ba ta wuce awa huɗu da rabi zuwa biyar ba, matuƙar hanyar da ta ratsa Chadi da Sudan da Bahar Maliya a buɗe take. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Ke nan wanda ya tashi Kano da ƙarfe takwas na safe zai sauka Jidda wajen ƙarfe uku na rana agogon can, ya samu La'asar a kan lokacinta. Daga Jidda zuwa Makka kuma ba ta kai kilomita 100 ba.

To, ɗan'uwa, ka san me wannan lissafi ke nufi? Mai tafiya a ƙasa da jakinsa da iyalinsa, idan ya yi ƙoƙari, ya ci kilomita 25 zuwa 30 a yini. Abin da jirgi ke cinyewa a awa ɗaya, shi sai ya yi wata guda cur yana tafiya kafin ya cim masa. Allah (S.W.T.) Ya ambata a farkon Suratun Nahli ni'imar dabbobin da ke ɗaukar kayanmu zuwa garuruwan da ba za mu kai ba sai da matsananciyar wahala, sannan Ya sanar da mu cewa zai halicci abin da ba mu sani ba. Ga shi mun gani da idanunmu. Jirgin sama ni'ima ce babba, kuma babu ni'imar da ba za a tambayi bawa a kanta ba.

YADDA KAKANNINMU SUKA YI WANNAN TAFIYA

Domin mu san girman ni'imar, sai mu tuna yadda na da suka yi. Maniyyaci daga ƙasar Katsina yakan yi sallama da danginsa sallamar da ba a sa ran sake ganawa, ya raba gadonsa ko ya bar wasiyya, ya kama hanyar Kano, ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai, ya shiga Darfur ta El-Fashir, ya wuce Kordofan, ya isa bakin kogin Nilu, sannan ya nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba a tafiyar a miƙe. Inda guzuri ya ƙare nan ake yada zango, a yi noma ko ƙwadago na shekara ɗaya ko biyu, a tara abin da za a ƙara gaba. Akwai waɗanda suka yi shekara biyar, akwai waɗanda suka yi goma, akwai waɗanda aka haife su a hanya suka isa Makka da gemu. Da yawa ƙasa ta rufe su a sahara. Da yawa kuma suka zauna a Sudan, jikokinsu na can suna jin Hausa da Fillanci. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ja ragowar jama'a zuwa gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a shekarar 1903.

Ko masu mulki ba su samu tafiyar da sauƙi ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya tashi sauke farali a 1921, ta ruwa ya bi, har sai da ya biya ta Ingila, ya yi watanni bai ga Katsina ba. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano sun iso ne a watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka biyo ta Sudan, suna yada zango a hanya kwana da kwanaki. A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda har yau sunansa ke kan wata unguwa a Fage, aka fara kai mutane da manyan motoci, daga baya aka koma jirgin sama. Cikin rayuwar mutum ɗaya, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta watanni ta koma ta awoyi. Nesa ta zo kusa.

LISSAFI NA BIYU: DAMARI ZUWA KATSINA

Yanzu sai mu sauko ƙasa. Ka ɗauki manomi a Damari, wanda ya shekara ashirin yana tara kuɗin masara da dawa da waken soya, yana kai buhunansa kasuwar Dandume, yana ajiye abin da ya saura da niyyar ganin Ɗakin Allah kafin ya koma ga Mahaliccinsa. Kafin ya ga ƙofar jirgi dole ya isa sansanin alhazai a Katsina. Hanyarsa ita ce ya fito Sabuwa, ya bi Dandume, ya shiga Funtuwa, ya kama titin Bakori da Malumfashi ya yi arewa. Duk wannan tafiya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nisan Jidda ba. Da a ce jirgi ne, minti ashirin sun isa.

Amma ku tambayi mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, wace tafiya ce ta fi hana su barci a cikin shekaru goman da suka wuce: ta saman Bahar Maliya, ko kuwa ta tsakanin ƙauyensu da Funtuwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekaru aka yi a wannan yanki mutum ba ya fita sai rana ta ɗaga, ba ya kaiwa La'asar a hanya, direba ba ya tashi sai ya tambayi wanda ya fito ko hanya ta yi kyau. An tare motoci, an kwashe fasinjoji zuwa daji, an sayar da gonaki da shanu don biyan kuɗin fansa, an sanya wa manoma haraji kafin su girbe abin da suka shuka da guminsu. Mutumin da aka ɗauke a hanyar kasuwa yakan yi wata biyu ko uku a hannun ɓarayin daji. A cikin wannan lokaci alhaji ya je Makka, ya yi aikinsa, ya ziyarci Madina, ya dawo, har an gama cin dabinon tsarabarsa.

Ba ƙage muke yi ba, ga kwanakin nan a rubuce. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau a Ƙaramar Hukumar Faskari suka kashe mutane fiye da arba'in. Ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji da ƙafa, sai bayan kwana shida aka sako su. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su kewaya ta Funtuwa, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da Dandume. A watan Agusta na 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna Sallar Asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Ba mu manta ba cewa an kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2023, kuma an yi zaman sulhu a wasu wurare irin su Faskari a 2025, kuma akwai sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai da suka ba da rayukansu a waɗannan hanyoyi, Allah Ya jiƙan Musulminsu. Amma hanyar da sai an nemi yardar ɗan fashi kafin a bi ta, ba za a kira ta amintacciya ba.

To, shin wanne ya fi nisa? Awa biyar zuwa Jidda, kwana nawa zuwa Damari?

DA SAMA TA TOSHE, DA ƘASA TA TOSHE

Ga wani abin lura da ya isa ya tona asirin inda zukatan shugabanninmu suka karkata. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage su kewaya, tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Nan da nan aka shiga taro, Hukumar Alhazai ta Ƙasa da kamfanonin jirage da manyan gwamnati suka zauna, aka yi ta kai gwauro ana kai mari, aka samo inda za a cike giɓin, har da cire dala 100 daga kuɗin guzurin kowane maniyyaci. Cikin 'yan makonni aka warware, jirage suka tashi. Ba mu ce an yi laifi ba, haƙƙin baƙin Allah ne a yi musu haka. Abin tambaya shi ne: ƙarin awa biyu a sama ya tayar da hankalin Abuja cikin mako guda, to me ya sa toshewar hanyoyin Sabuwa da Faskari ta shekara da shekaru ba ta tayar da shi haka ba?

Haka nan idan jirgi ya faɗi. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda zuwa Sakkwato, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya gafarta musu. Mun san adadinsu ɗaya bayan ɗaya, an kafa kwamitocin bincike, an gano cewa tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka haddasa gobarar 1991, an rubuta rahoto domin kada a maimaita. Amma waɗanda aka kashe a hanyoyin ƙauyukanmu, wa ya ƙidaya su? Ina kwamitinsu? Ina rahotonsu? Ashe ran da ya fita a sama ya fi ran da ya fita a kan jan titi daraja?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu yanke hukunci a kan hanya sun daina bin hanya. Daga Abuja zuwa Katsina kimanin kilomita 450 ne a sama, awa guda ko ƙasa da haka, kuma layin da ya haɗa biranen biyu yana wucewa ne kusa da wannan yanki namu na Funtuwa. Mai girma yana zaune a kujera mai laushi, kilomitoci da dama sama da ƙasa, ana miƙa masa shayi, ƙauyukan da aka ƙona suna wucewa a ƙarƙashinsa bai sani ba. Jirgin da Allah Ya hore don ya kusantar da nesa, sai ya zama abin da ya nesanta shugaba da talakawansa.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE GAME DA HANYA

Wani zai ce, ina ruwan wannan da addini? Ruwansa kuwa babba ne. Allah (S.W.T.) bai wajabta Hajji a kan kowa ba sai wanda ya sami ikon zuwa, kamar yadda ya zo a aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana. Malaman mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala ta Ibnu Abi Zaid har zuwa Mukhtasar na Shehu Halilu, da suka zo fassara wannan iko ba su tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Sun sanya amincin hanya a cikinsa, wato mutum ya aminta a kan ransa da dukiyarsa. Saboda haka ne ma Alƙali Ibnu Rushdi kakan, malamin Ƙurɗuba, ya ba da fatawar cewa wajibcin Hajji ya faɗi a kan mutanen Andalus na zamaninsa, domin hanya ba ta da aminci. Ke nan a wurin malaman Musulunci ba da mil kaɗai ake auna tafiya ba. Gajeriyar hanya mai tsoro ta fi doguwa mai aminci nisa.

Ku dubi kuma Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (Allah Ya yi masa rahama). Yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrila har Agadas, da malamin zai wuce Makka sai Shehu ya juyo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Har ya rasu a 1817 bai yi Hajji ba. Ƙaninsa Shehu Abdullahi ya kama hanyar gabas, da ya iso Kano jama'a suka riƙe shi don ya karantar da su, daga nan ya koma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma bai je ba. Shin son Makka ne ba su yi? Rubuce-rubucensu cike suke da begen Manzon Allah (S.A.W.) da ƙaunar ziyararsa. Abin da ya riƙe su shi ne nauyin jama'a: karantarwa, da tsayar da adalci, da amintar da hanyoyi da kasuwanni. Sun san abin da ya fi wajaba a kansu a lokacinsu.

An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), yana Madina, yana jin tsoron kada wata dabba ta yi tuntuɓe a Iraƙi Allah Ya tambaye shi dalilin da bai gyara mata hanya ba. Dabba ke nan, kuma tuntuɓe ke nan. Ina ga mutum, ina ga kisa? Ita kuwa Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, da ta je Hajji ta ga wahalar da mutane ke sha, sai ta zuba dukiyarta wajen haƙa rijiyoyi da gina tafkuna da masaukai a hanyar Kufa zuwa Makka, ta kuma jawo ruwa zuwa Makka kanta. Shekara fiye da dubu ke nan, har yau da sunanta ake kiran wannan hanya. Haka masu dukiya na farko suka fahimci hidimar Ɗakin Allah.

YADDA AKA JUYA NI'IMA

Mu kuwa da tafiya ta yi sauƙi, me muka yi da sauƙin? Manzon Allah (S.A.W.) Hajji ɗaya ya yi bayan Hijira, a shekara ta goma, kuma ya bayyana wa al'umma cewa farali sau ɗaya ne a rayuwa, abin da ya ƙaru nafila ne. Amma a yau akwai waɗanda suka mayar da Jidda kamar Funtuwa, Hajji kowace shekara, Umra kowane azumi, har ana gasar ƙirga zuwa a majalisa. Idan goman ƙarshe na Ramalana suka kama, ofisoshin gwamnati sukan zama kufai, mai sa hannu a takardar albashi ya tafi, mai ba da umarnin tura jami'an tsaro ya tafi. Kujerun da aka saya da dukiyar jama'a kuwa an daɗe ana raba su kamar goron biki, ga 'yan siyasa, ga maroƙa, ga 'yan koren mai gida, ga wanda ya je sau bakwai.

Ku dubi kuɗin. A 2023 kujerar Hajji ta kusa Naira miliyan 3. A 2025 maniyyacin Arewa ya biya sama da Naira miliyan 8.4. Mafi ƙarancin albashi da aka sanya wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara goma kafin ya haɗa kuɗin kujera ɗaya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tallafin Naira biliyan 90 don sauƙaƙa wa maniyyata. Wanda zai sauke faralinsa na farko ya amfana, muna taya shi murna. Amma wanda ke zuwa karo na goma da kuɗin baitulmali, alhali a mazaɓarsa akwai zawarawa da marayu da ke kwana a azuzuwan makarantu saboda an kore su daga ƙauyukansu, wannan da wane ido zai dubi Ka'aba?

AMSA GA MASU CEWA...

Mun san za a ce muna hana mutane zuwa Ɗakin Allah. Allah Ya tsare mu da haka. Hajji rukuni ne daga rukunan Musulunci biyar, wanda ya sami iko bai taɓa zuwa ba, ya gaggauta, kada ya saurari kowa. Hasali ma saboda shi muke wannan magana, domin shi ne manomin Damarin da kuɗin kujerarsa suka tafi a kuɗin fansar ɗansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Za a ce, dukiyata ce, halal ɗina ce, in kashe ta inda na so. Gaskiya ne ba mu ce nafilarka haramun ce ba, kuma ladan Hajji da Umra ba abin rainawa ba ne. Amma malamai sun tabbatar da cewa farilla tana gaban nafila, kuma alherin da ke ƙetarawa zuwa ga wasu ya fi wanda ya tsaya ga mai shi. Ceton ran Musulmi da ciyar da mayunwaci da fansar wanda ke tsare farilla ce a kan al'umma, idan babu wanda ya tsaya mata kowa ya yi laifi. Wane ɗan kasuwa ne mai hankali zai bar bashi a wuyansa ya tafi rabon kyauta?

Za a ce, ai zuwa muke yi mu roƙa wa ƙasa zaman lafiya. Madalla da addu'a, ita ce makamin mumini. Amma wanda Allah Ya damƙa wa mulki da baitulmali da jami'an tsaro, an ba shi abin da zai amsa addu'ar wasu da shi ne da izinin Allah. Tsohuwar da ke Faskari ta ɗaga hannu tana roƙon Allah Ya kawo mata ɗauki, ɗaukin yana cikin aljihunka da alƙalaminka, kai kuma ka ɗauke su ka tafi Makka kana roƙon Allah Ya kawo mata ɗauki! Wannan wane irin wasa ne da hankali? Annabi (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah.

KIRANMU

Na farko, ga mahukunta: ku ji tsoron Allah, ku daina kashe dukiyar jama'a wajen kai waɗanda suka riga suka sauke farali. Duk shugaban da ke wakiltar Sabuwa ko Faskari ko Ƙanƙara ko Dandume, ya wajaba ya riƙa bin hanyoyinsu da mota, a lokacin da talaka ke bi, domin zuwa da kai ya fi saƙo, kuma jiki magayi. A ƙidaya waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, ƙauye ƙauye, a rubuta sunayensu kamar yadda ake rubuta na fasinjojin jirgi, a san marayun da suka bari.

Na biyu, ga mawadata: wanda ya yi Hajjinsa, ya gwada ajiye kuɗin kujera ɗaya ta nafila, ya dubi abin da Naira miliyan 8 za su yi a garinsu: buhunan hatsi nawa ga 'yan gudun hijira, marayu nawa a makaranta, rijiya nawa, kwalbati nawa a hanyar da motoci ke maƙalewa da damina har ɓarayi su riske su. In kuwa zuciyarsa ta nace sai Hajji, to ya biya wa talakan da bai taɓa zuwa ba.

Na uku, ga malamai masu wa'azi da masu bitar alhazai: kada ku tsaya ga koyar da ɗawafi da jifa kaɗai. Ku karantar da babin iko da amincin hanya yadda yake a littattafai, ku gaya wa mai mulki gaskiya ko da shi ya biya muku kujera. Malamin da kujerar Makka ta rufe wa baki ya sayar da lahirarsa da tikitin awa biyar.

Na huɗu, ga sauran 'yan'uwa: a daina auna darajar mutum da yawan zuwansa Saudiyya. A tambayi abin da ya yi wa maƙwabcinsa. Kuma kowane reshe da ke birni ya nemi sanin halin da 'yan'uwa ke ciki a ƙauyukan kudancin Katsina, ya tara abin da ya sawwaƙa ya aika ta hannun amintattu, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kakanninmu sun yi shekaru a hanyar Makka, amma a iyakar ƙasarsu fatake na tafiya da dare da rana a zamanin da adalci ya tsayu. Mu mun sami Makka a awa biyar, mun rasa hanyar gonakinmu. Ranar da manomin Damari zai fito da asuba da jakarsa, ya isa Katsina hankalinsa kwance, iyalinsa su kwana ba fargaba har ya dawo, ranar ce za mu ce mun gode wa Allah a kan ni'imar jirgin sama godiya ta gaskiya.

Ya Allah Ka amintar da hanyoyinmu da garuruwanmu, Ka kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ka jiƙan waɗanda suka rasu, Ka shiryi shugabanninmu, wanda ba mai shiryuwa ba ne Ka musanya mana shi da mafi alheri. Ka hore wa duk mai begen Ɗakinka ikon zuwa, Ka karɓa daga waɗanda suka je. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.